Gadar da Aka Hana Numfashi

Ranar da ta koma aiki bayan hutun haihuwa, motar ma'aikata ta haye babbar gada ba tare da ta sani ba. Tana kujerar baya, kanta jingine da gilashi, barci na fizgarta, rabin hankalinta yana gida wajen jaririyar da ta baro tana tsala kuka a kafaɗar Inna. Sai da suka sauka ɗaya gefen, direban, wanda kowa ke kira Ba-Gaggawa, ya leƙo ta madubi.

"Injiniya, kin ji wani abu?"

"Me zan ji?"

"Ba ki ji komai ba?"

"Ban ji ba."

Motar ta kaure da dariya, har da masu tafi. Ta yi musu murmushin wanda bai gane inda wasan ya dosa ba, ta mayar da kanta jikin gilashi.

A harabar ofis Baba Kwalta na jiranta. Shi ne shugaban masu shimfiɗa kwalta, dattijo mai faɗin kafaɗa, hannayensa duk tabon ƙuna. Tun tana sabuwar zuwa, ba ta san ko inda ake ajiye hular kwano ba, ya ɗauke ta 'ya. Shi ya hana leburori yi mata shaƙiyanci, shi ya koya mata yadda ake tsayuwa a gefen titi ba tare da iskar tirela ta kwashi mutum ba.

"'Yata! An dawo? Ina ƙaramar injiniyar? Ta fara ƙirga gadoji ko sai an yaye ta?"

"Tana ƙirga sa'o'in barcina dai, Baba, tana rage su."

"Haka suke. To, ya kika ji hanya yau?"

Bai jira amsa ba, don abin ya daɗe yana cinsa. Ya tuna mata yadda, lokacin da cikinta ya tsufa, duk sa'ad da mota ta taka gargadar nan ta bakin gada takan dafe ciki ta ce, wata rana a kan gadar nan za ta haihu. To, bayan tafiyarta, ana tsakiyar sanyi, sun yi wani aiki a kusa, kwalta ta yi saura a mota da zafinta. Maimakon a zubar, sai ya ce wa yaransa su zo a yi wa Injiniya gyaran hanya. Suka cike bakin gadar nan duka biyu, suka bi da rola har ya yi sumul kamar tafin hannu.

"Ba takarda, ba sa hannu, ba wanda ya sa mu," in ji shi, yana washe baki. "Barkarmu ke nan. Ranar da za ki ɗauko jikata a mota, ko motsi ba za ta yi ba."

Kowa ya zuba mata ido. Ta ji bakinta yana cewa, "Allah ya saka da alheri, Baba," alhali ta riga ta gane abin da suka toshe.

Aikinta ba gina gada ba ne. Masu gini su ci bikin buɗewa, a ɗauke su hoto, su tafi. Ita rainon abin da suka bari aka ba ta. A bangon ofishinta akwai allo mai faɗi, gadojin yankin a jere ta gefe, shekaru masu zuwa a jere ta sama. Wacce za a leƙa da ido bana, wacce za a bi da guduma ana ƙwanƙwasawa ana sauraro, wacce za a share wa magudanar ruwa, wacce za a sake wa fenti kafin tsatsa ta kama, wacce za a canja wa matashin robar da take zaune a kai bayan ita kanta ta yi furfura. Layukan ƙarshe na allon sun wuce shekarar ritayarta nesa. Ma'aikata kaɗan, injuna kaɗan, duk abin da aka cusa a wata shekara sai wani ya fita.

Abin da Baba ya rufe kuwa ba lalacewa ba ce. Gada tana miƙewa da zafi, tana takurewa da sanyi, shi ya sa ake bar mata tsaga a kowane baki, da haƙoran ƙarfe masu shiga juna kamar an haɗa mataji biyu. A ofis numfashi suke kiran wurin. Masu mota gargada suke ji, su yi tsaki, su wuce. In aka toshe shi, zafi ya zo, gadar ba za ta fasa miƙewa ba. Sai dai ta tura abin da ke gabanta.

Kuma zafi ya fara kunno kai.

Washegari ta sa Ba-Gaggawa ya sauke ta a gindin gadar. Ta bi gangaren da ciyawa ta cinye, takalmin aikin ya matse ta don ƙafarta ba ta koma yadda take ba tukuna. Ƙarƙashin gada wata duniya ce daban: sanyi-sanyi, warin jemagu, ƙarar motoci a bisa kai kamar ana mirgina ganguna. Ta haska tocila inda jikin gadar ya haɗu da bangon da ya tokare ta. A ƙasa ta ga ɓarɓashin kankare, fari tas, sabon karyewa, ko ƙura bai yi ba. Matashin robar da gadar ke zaune a kai ya karkace gefe guda, kamar wanda aka danne wa kafaɗa.

Ta daɗe a tsugune. Ta sama wata motar 'yan makaranta ta wuce, hayaniyarsu ta zubo ta tsakanin ƙarafa. Ƙirjinta ya cika yana zogi, lokacin shayarwa ya yi ya wuce. Ta miƙe da ƙyar, ta dafa gwiwa, ta hau gangaren.

Darakta ya saurare ta har ta gama, yana murza goshinsa da yatsu biyu. Ba mugun mutum ba ne, gajiyayye ne kawai.

"Kina son injin yanka, kina son a rufe hannu ɗaya na babban titi, kuma kina so kafin zafi ya kankama."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ba ya cikin tsarin bana."

"Na sani. Ni na yi tsarin."

"Kuma ke kika yi dokar." Ya kalle ta ta saman tabarau. "Ko kin manta yadda kika hana mu shan ruwa a taro?"

Ba ta manta ba. A da, kowane mai faɗa-a-ji sai ya ɗaga waya a cusa titin gidansa a gaba, a ture gadar da ke neman agaji. Ita ta kafe, ta yi ta naci har hedikwata ta amince: babu aikin da zai tsallake layi sai an rubuta abin da ya jawo shi, in kuma hannun mutum ne, a faɗi hannun wa. Ranar da aka sa wa dokar hannu har rawa ta taka a ofishinta bayan ta rufe ƙofa.

"Ki rubuta tsufa ne," in ji Darakta. "Lalacewar yau da gobe. Ba mai tambaya."

"In na rubuta tsufa, layi za ta bi. Sai baɗi, ko baɗin baɗaɗa."

"To ta bi mana. Gada ce, ba ƙwai ba."

"Ba za ta faɗi bana ba, ranka ya daɗe. Amma zafi ɗaya ya isa ya fasa bangon nan. In ya fashe, ba injin yanka za mu nema ba, duk ayyukan shekara uku ne za su tafi a kanta. Sauran gadojin kuma su jira mu har yaushe?"

Ya jujjuya biro a hannunsa.

"Tsohon nan ƙarshen shekara zai ajiye aiki. Tun da ya shigo ko gargaɗi ba a taɓa ba shi ba. An ma sa sunansa cikin waɗanda za a karrama. Takardar tuhuma guda ta isa ta goge duka." Ya tura mata fayil ɗin. "Ni ba zan rubuta ba. In kin rubuta, zan sa hannu. Ki je ki kwana da shi."

Da yamma ta tarar da gidan kamar yadda ta saba tarar da shi yanzu: tsummokin jaririya a kan igiya, kwanuka a jiƙe, Inna na jijjiga yarinyar tana yi mata surutu. Ta karɓe ta tun kafin ta cire takalmi, ta zauna a bakin gado tana shayarwa, tana ba su labari da ido a rufe.

Maigidan ya fara da dariya. "An ce alheri danƙo ne. Wannan kam har da rola aka bi shi."

"Ba abin dariya ba ne."

"Na sani, yi haƙuri. Amma ki duba, mutumin nan don ke ya yi. Ki bari ya tafi da mutuncinsa, baɗi ki gyara. Gada ba ta faɗuwa rana ɗaya."

"Ai matsalar ke nan. Da rana ɗaya take faɗuwa, da kowa ya ji tsoronta."

Inna, uwar maigidan, ba ta cika sa baki a zancen aiki ba. Tana ninke kayan yarinyar ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ni dai ban san gada ba. Amma ko me za ki yi wa dattijon nan, kada ya ji a bakin wani. Wanda ya kira ki 'ya bai cancanci ya ji a tsakar ofis ba."

Yarinyar ta saki nono, barci ya kwashe ta, hannunta guda riƙe da wuyan rigar uwarta. Injiniya ta zauna a haka, ba ta motsa ba don kada ta farka, har bayanta ya ƙage.

Ta sami Baba Kwalta da safe a filin da suke ajiye injuna, yana faɗa da wani lebura kan shebur da aka bari kwalta ta bushe a jiki. Da ya gan ta fuskarsa ta washe.

"Yau 'yata da kanta a fadarmu? A kawo kujera! Ba waccan ba, sakarai, mai ƙafa huɗu!"

"Baba, rakiya nake so ka yi mini."

"Har ina?"

"Ƙarƙashin babbar gada."

Ya yi dariya. "Me na ajiye a can? Ni mutumin sama ne. Ƙasa ta jemagu ce da ku masu tocila."

Da gaske yake. Ya shimfiɗa kwalta a kan gadar nan ya fi a ƙirga, ya san duk wani lanƙwasa na samanta, amma bai taɓa sauka ya ga cikinta ba. Ba wanda ya taɓa ce masa ya sauka. Sashensu daban, nata daban, taronsu ma ba ya haɗuwa sai na ƙarshen shekara.

Ya bi ta gangaren yana ƙorafin gwiwa. Ta haska masa wurin. Ta ɗebo ɓarɓashin ta zuba masa a tafin hannu, ta yi masa bayani a hankali, yadda za ta so a yi wa mahaifinta.

"Haba, 'yata," ya ce. "Dutse da ƙarfe? Wane irin miƙewa? Ai ba roba ba ce."

"Kaɗan ne, Baba. Bai fi tsawon yatsa ba. Amma nauyin gadar gaba ɗaya ne ke bayan yatsan."

"Na rufe ramuka a titi tun kafin a haife ki, ban taɓa jin wanda ya ce rami magani ne ba."

"Wannan ba rami ba ne. Da gangan aka bar shi."

Ya buɗe baki zai sake magana, sai wata tanka ta hau gadar. A da, duk nauyin da ya hau, akan ji haƙoran ƙarfen sun amsa. Yanzu sai wani gurnani ya fito daga cikin bangon, ƙasa-ƙasa, wani ɗan ɓallin kankare ya saki ya faɗo kusa da takalminsa. Ya bi shi da kallo.

"Mu zo da yarana ranar hutu mu tone," ya ce daga baya, muryarsa ta sauka. "Da diga. Ba sai kowa ya ji ba."

"Diga za ta karya haƙoran. Sai injin yanka, kuma ba a ba da shi sai da takarda. Titi ma ba zai rufu ba sai da takarda." Ta kashe tocilar. "Takardar kuma sai ta faɗi wanda ya yi."

Ya juyo ya kalle ta sosai. Ta so ta sunkuyar da kai, ta hana kanta.

"Kin rubuta?"

"Ban rubuta ba. Na ce sai na gan ka."

"In na ce kada ki rubuta fa?"

Motoci suka yi ta wucewa a kansu.

"Zan rubuta, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya kakkaɓe ɓarɓashin daga hannunsa, ya goge tafin a wando.

"To ki sa sunana ni kaɗai. Yaran nan abin da na ce suka yi. Akwai mai jiran ƙarin girma a cikinsu." Ya fara hawa gangaren, sai ya tsaya bai waiwayo ba. "Da kin yi shiru kan gargadar nan a mota lokacin da kike da ciki, da duk ba a yi haka ba."

"Da na yi shiru," ta ce.

Ta rubuta da rana tsaka, layi kaɗan. Ta ƙara a ƙasa cewa sashen kwalta bai taɓa samun bayani kan tsagar numfashi daga ofishinta ba, kuma ta nemi daga yanzu duk mai aikin saman gada a fara sauka da shi ƙasanta. Ta san wannan ba zai hana takardar tuhuma fitowa ba, kuma bai hana ba. Aka cire sunansa daga jerin karramawa ba tare da an yi sanarwa ba. A motar ma'aikata hira ta riƙa mutuwa in ta shigo. Ba-Gaggawa ya daina leƙo ta a madubi. Don a sami wurin aikin a allo, ta ɗage fentin wata ƙaramar gada ta can bayan gari zuwa baɗi, ta san kuma tsatsa ba ta san ɗagewa ba.

Ranar da za a yanke kwaltar, rana ta fito da ƙarfinta. Aka rufe hannu ɗaya, motoci suka yi layi har inda ido ya ƙare, direbobi na zage-zage ta taga.

"Kun gyara, yanzu kuma kun zo ɓatawa!"

"Aikin gwamnati ke nan, a gina a rushe!"

Ba wanda ya aiko Baba Kwalta, amma ya zo. Ya karɓi injin daga hannun mai shi, ya ce shi ya san kaurin abin da ya zuba, shi ya san inda ƙarfen yake. Ya bi layin da ta zana da alli, a hankali, ruwa na fesowa, baƙin taɓo na fallatsa a wandonsa. Tun safe bai kalli inda take ba. Yaransa suka bi baya da ƙananan ƙarafa suna ɓanɓaro kwaltar daga tsakanin haƙoran, gutsure bayan gutsure, aikin da aka yi cikin rabin yini yana cin yini biyu wajen warwarewa.

Da la'asar ɗin rana ta biyu aka buɗe bakin ƙarshe. Ta durƙusa ta zura hannu cikin tsagar, ta ji iska mai sanyi na hurowa daga ƙasa. Sannan ta sauka gangaren ita kaɗai.

Bangon bai fashe ba. Amma daga inda gadar ta yi ta tura shi, wata siririyar tsaga ta gangaro, kamar an ja zare a jikin siminti. Ta goge wurin da hannu, ta ɗora ma'auni, ta yi alama da jan fenti a inda tsagar ta tsaya. Daga yau wannan wurin ya shiga cikin masu buƙatar a zo a gan su kowane zafi, ba hutu, har ranar da za ta miƙa allon ga wani.

Ta ji takun takalmi a bayanta. Baba ne, yana numfashi sama-sama, ya dafa ginshiƙi. Ya kalli jan fentin.

"Wannan ni na jawo shi?"

"Eh."

"Za ta rayu?"

"Za ta rayu. Sai dai da sa ido."

"Shekara nawa na rage mata?"

Ta so ta ce ko ɗaya. Kalmar har ta zo bakinta.

"Ban sani ba, Baba. Wanda zai sani yanzu yana firamare."

Ya yi wata 'yar dariya marar sauti, ya share fuska da hularsa. Ya ɗaga kai yana kallon cikin gadar, layin ƙarafa, sheƙar tsuntsaye, tabon ruwa na shekaru, kamar baƙon da aka shigar ɗakin da kullum yake wucewa ta ƙofarsa.

"In na ajiye aiki," ya ce, "ba abin da zan yi sai zaman ƙofar gida. In lokacin dubawa ya yi, ki aiko a faɗa mini. Zan riƙe miki tocila."

"Sai da izini, Baba. Wanda ba ma'aikaci ba sai an cike masa takarda."

"Ke da takarda!" Ya girgiza kai. "To ki cike."

Ta rufe gwangwanin fentin. A sama an fara janye shingayen, masu danna hon sun ƙara ƙaimi. Gangaren ya yi masa tsayi, sai ta wuce gaba ta miƙo masa hannu. Ya yi kamar bai gani ba, ya yi taku biyu, gwiwar ta ƙi, sannan ya kama.